Mene ne "sharhi" a bakin masu karanta littattafan soyayya?

Wata Asabar cikin Disamba, da irin sanyin nan na Jos da ke hana mutum taɓa ruwa kafin hantsi, Baffanmu ya shigo gidanmu a Unguwar Rogo ya tarar da ƙanwata ta duƙunƙune cikin bargo, yatsunta biyu suna ta aiki a kan waya. Ta gaishe shi sama-sama. Ya ce, "Ke kuma me ya ɗauke miki hankali haka da sassafe?" Ta ce, "Baffa, sharhi nake rubutawa." Tsoho ya tsaya cak, fuskarsa ta washe, don mutum ne da ya shafe shekaru yana biya wa ɗalibai Risala a zaure. Ya ce, "Masha Allah! Sharhin wane littafi?" Ni da nake tsakar gida sai da na toshe baki da gefen mayafi.

Abin da take rubutawa kuwa martani ne ga gwanarta, wata marubuciyar soyayya da ta saki sabon shafi a daren jiya, inda miskilin jarumin littafin ya danƙara wa uwargida saki saboda makircin amarya. Ƙanwata ta kwana da takaici, ta tashi tana zazzage shi. Baffa bai yi kuskure ba, ita ma ba ta yi ba. Kalma ɗaya ce suka riƙe, kowa da gefen da ya kama.

Asalin kalmar Larabci ne, kuma ma'anarta ta farko buɗewa ce, ko tsaga abu a shimfiɗa shi don a ga cikinsa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ta tun yana ƙarami a cikin "Alam nashrah", inda ake maganar buɗe ƙirji. Daga nan malamai suka ɗauke ta suka sa wa aikin da ake yi wa littafi mai dunƙulallen zance. Akwai matani, wato ainihin abin da mawallafi ya rubuta, sai wani malami ya zo daga baya ya bi shi jimla bayan jimla yana warwarewa. Wannan shi ne sharhi. In wani ya sake zuwa ya yi wa sharhin ƙarin bayani a gefe, sai a kira nasa hashiya. Samaruddani da ake gani a hannun ɗaliban zaure sharhin Risala ne. Fathul Bari na Ibnu Hajar sharhin Sahihul Bukhari ne, kuma ya ɗauke shi kimanin shekara 25 kafin ya kammala. Imamu Bukhari ya rasu a shekarar 870 Miladiyya, Ibnu Hajar ya rasu a 1449. Ku lura da wannan tazarar, don za mu dawo kanta: mai sharhi ya zo ne bayan mai matani ya daɗe da ajiye alƙalami, ba shi da ikon taɓa ko wasali ɗaya a ciki.

Gidajen rediyo da jaridu su suka fito da kalmar daga zaure zuwa titi. Aka samu sharhi bayan labarai, sharhin wasanni, masu sharhi kan al'amuran yau da kullum. A nan ta fara sassautawa, ta koma duk bayanin da mutum zai yi kan wani abu da ya faru, tare da ra'ayinsa.

A duniyar masu karanta littattafan soyayya a waya ta ƙara sassautawa. Sharhi a yau shi ne abin da mai karatu ya rubuta wa marubuciya bayan ya karanta shafin ranar, muddin ya nuna cewa ya karanta ɗin. Wannan sharaɗin shi ne ginshiƙi. "Mun gode" ba sharhi ba ne. Tura sitika ko hoton fure ba sharhi ba ne. Marubutan da kansu suka shata wannan iyaka, har sukan rubuta a ƙasan shafi cewa godiya ba ta ishe su ba, sharhi suke so, kuma in babu shi babu ci gaba. Amma in kika rubuta layi goma kina tsine wa amarya, kina lissafa abin da uwargida ta jure tun shafin farko, kina hasashen cewa ƙanwar miji ce za ta tona asiri, to kin yi sharhi, kuma za a yi miki addu'a a shafi na gaba, wataƙila ma a sadaukar miki da shafin.

Wannan ɗabi'a ta girmi wayar salula. Tun bayan fitowar So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid a 1980, da ambaliyar littattafan da ta biyo baya daga Kano a ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990, masu karatu ba su taɓa yin shiru ba. Marubuta kan sa adireshinsu a bangon littafi, wasiƙu su yi ta zuwa, wasu ma a buga su a kashi na gaba tare da jerin sunayen waɗanda ake gaisarwa. Na taso na tarar da yayyenmu mata suna karɓo hayar littafi daga 'yan tebur, kafin gobarar 2002 ta cinye babbar kasuwar Taminus ta Jos, kuma littafi ɗaya sai ya zaga gida biyar kafin a mayar da shi. Sharhin wancan lokacin a bakin murhu ake yin sa, ko wurin kitso. Da yake littafin kan fito kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, akwai watanni a tsakani da surutun mutane zai iya kaiwa kunnen marubuci. Sai dai wasiƙa tafiyar hawainiya gare ta.

A lokacin ne kuma malaman jami'a suka yi nasu sharhin a jaridu. Ibrahim Malumfashi ya kira waɗannan littattafai Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da ƙananan littattafan Turanci da aka riƙa sayarwa a kasuwar Onica, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya musu, aka yi ta musayar alƙalami a shekarun 1990. Wancan irin aikin shi ake kira nazari, ko tarke a bakin 'yan jami'a, kuma yana da ƙa'idojinsa: jigo, zubi da tsari, salo, taurari. Tsokaci kuma ɗan taɓawa ne a wuce. Suka ita ce fito da aibi. Sharhin masu karatu yana ɗiban kaɗan daga kowanne, amma yawancinsa ba ɗaya daga cikinsu ba ne. Ya fi kama da hirar da mata ke yi a hanyar dawowa daga biki, kowa na faɗin abin da ta gani da wanda ya ba ta haushi.

In ka zauna ka karanta su da yawa, za ka ga kala-kala ne. Akwai na kirari, inda ba a taɓa labarin ba sam, sai "Allah ya ƙara basira, Anti, alƙalaminki daban ne." Akwai na ɓangaranci, wanda ya fi kowanne zafi: masu karatu su rabu gida biyu, 'yan bayan uwargida da 'yan bayan amarya, ko masu son jaruma ta koma wa tsohon saurayinta talaka da masu cewa ta zauna da attajirin da aka haɗa ta da shi. Nan ake faɗa na gaske, har da gori. Matar da aka yi wa kishiya bara ba za ta karanta shafin da idon budurwar da ke shirin shiga gida ta biyu ba, kuma in ka iya karanta tsakanin layuka za ka gane wace ce wace ba tare da an gaya maka ba. Wannan, a ganina, shi ne mafi darajar abin da ke cikin al'adar. Akwai matan da ba za su taɓa buɗe baki su faɗi abin da ke damunsu a gidan aure ba, amma za su rubuta shi tsaf da sunan suna kare wata jarumar da ba ta taɓa wanzuwa ba.

Sai kuma na gyara, wanda shi ne ya fi kusa da abin da Baffa ya sani, kuma shi ne ya fi ƙaranci. Mai irin wannan ita ce za ta ce, "Anti, a shafi na 12 kin ce mahaifinsa ya rasu yana jariri, yanzu kuma ga shi yana tuna nasihar da ya yi masa." Ko ta ce an yi saki uku sannan an mayar da aure ba tare da an bi abin da shari'a ta ce ba. Ko ta ce likitan da ke cikin labarin yana abin da babu asibitin da za a yi shi. Ko ta yi magana kan wurin da bayanin ɗakin aure ya zarce ya koma batsa, wanda tsohuwar rigima ce, don a 2007 har ƙona littattafai aka yi a bainar jama'a a Kano da sunan kare tarbiyya.

A nan ne kalmar "gwanata" take shigowa ta dagula lissafi. Hausawa sun ce so hana ganin laifi. Idan marubuciya ta riga ta zama gwanar mutum, ya karanta littattafanta biyar ko shida, ya yi kuka a wasu, to ba littafin yake karantawa ba kuma, ita yake karantawa. Sabon littafin zai iya zama maimaicin na baya, miskilin nan dai mai kamfani, yarinyar nan dai marainiya mai dogon gashi, kishiyar uwar nan dai mai bin bokaye, amma wa zai faɗa? Wadda ta yi ƙarfin hali ta faɗa, kafin marubuciyar ta gani ma masoya sun yi mata ca. A kira ta mahassadiya, a ce in ta isa ta rubuta nata, wani lokaci a cire ta daga gurup ɗin masu karatun gaba ɗaya. Ta ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, a ce mata yabon gwani ya zama dole. Karin magana biyu, kowanne gaskiya ne, amma ɗaya ne ke da jama'a.

Ban ga laifin marubutan sosai ba. Yawancinsu da babban yatsa suke rubuta littafi mai shafi ɗari a waya, cikin dare, bayan an gama hidimar gida, ga wutar lantarki da ba ta da tabbas, ga kuɗin data. Babu edita, babu kamfanin ɗab'i. A da sharhi shi ne kaɗai ladan da suke samu. Yanzu da littafin kuɗi ya zo, inda ake sakin shafukan farko kyauta sannan a ce mai son ci gaba ya tura kuɗi ta asusun banki ya nuna shaidar biya, sharhi ya zama talla ma. Marubuciya za ta ɗauki hoton sharhin da ya fi zafi ta yaɗa, don wadda ba ta biya ba ta ji ana ta kuka a ciki ita tana waje. Wattpad, dandalin intanet na rubuta labarai da karanta su wanda aka kafa a Kanada a 2006, ya ƙara wa abin armashi da ya ba mutum damar ajiye magana a gefen kowane sakin layi, kamar dai hashiya. Wanda ke sayar da kaya kuwa ba ya son a tsaya a bakin rumfarsa ana nuna inda ɗinki ya karkace.

To, mu koma kan tazarar nan da na ce a riƙe. Ibnu Hajar ya yi sharhi a kan abin da ya riga ya bushe. Ƙanwata tana sharhi a kan littafin da ba a gama rubutawa ba. Marubuciyar za ta karanta abin da ta rubuta yau da safe, sannan ta zauna da daddare ta rubuta shafi na gaba. Ke nan sharhi ya daina zama a gefen matani, ya tsallaka ciki. Na ga labarin da kowane mai hankali ya san ya kamata ya ƙare da rabuwa, amma aka ƙare shi da biki saboda masu karatu sun yi rantsuwa ba za su yafe ba. Na ga mugun da aka shiryar da shi dare ɗaya don ya yi farin jini, da littafin da ya kamata ya tsaya a shafi na 50 aka ja shi zuwa 90 don ana ta roƙon kada a gama. Haka kuma na ga inda wata mai karatu ta hango ramin da marubuciya ba ta gani ba, aka cike shi tun kafin labarin ya faɗa ciki. Duk wanda ya karanta irin waɗannan littattafan bayan an kammala su, ya ji labarin yana tangaɗi a tsakiya kamar motar da ake ta karɓe wa direba sitiyari, sau da yawa sawun masu sharhi yake gani. Marubutan da na fi girmamawa su ne waɗanda ke karanta komai, su yi godiya, sannan su kashe wanda suka yi niyyar kashewa tun farko.

Daga baya na yi wa Baffa wannan bayanin a taƙaice, muna shan shayi. Ya saurara har na gama, sannan ya juya wurin ƙanwata ya ce, "To ke, sakin da ya yi mata ɗin, na nawa ne?" Ta ce na ɗaya ne. Ya ce, "Ai da sauran zama. Ki gaya wa malamar taku yana iya mayar da ita kafin idda ta cika, kada ta je ta ɗaura musu sabon aure a banza." Ta jawo wayar daga ƙarƙashin bargo ta fara rubutawa.