Jera allurar rigakafi kusa-kusa ba ya ƙara mata ƙarfi

Tun muna yara a Jos ake cewa in allurar rigakafi ta wuce ɗaya, gara a jera su kusa-kusa don jiki ya yi saurin ƙarfi, kuma wai in ranar ta kuɓuce maka sai an faro daga farko. Masu faɗa ba su da laifi, haka suka taso suka ji.

Ɗauki rigakafin antiraks, cutar da ake ɗauka daga dabbobi ko fatunsu. A Amurka da can ana yin allura ta biyu sati 2 bayan ta farko, sai aka gano in an bar sati 4 jiki ya fi samar da garkuwa, saboda allurar farko gabatarwa ce kawai, jiki na buƙatar lokaci ya haddace ƙwayar cutar kafin a tuna masa. Yanzu ta uku sai wata 6 bayan ta farko, sannan a ƙara a wata na 12 da na 18. Wanda ya makara kuma ci gaba yake daga inda ya tsaya. Ba kowa ma ake yi wa ita ba fa, galibi sai masu aikin da ke haɗa su da cutar.

In kana shakka duba katinka ko takardar cikin kwalin, ko ka tambayi nas. Don Allah a tura wa 'yan'uwa.