Mene ne ƙaurar manhajar gado?

Manhajar gado ita ce wadda kamfani ya shekara ashirin ko talatin yana gudanar da harkarsa da ita, ko biyan albashi, ko lissafin kayan sito, ko asusun abokan ciniki. Waɗanda suka rubuta ta sun yi ritaya, wasu ma sun riga mu gidan gaskiya, ma'aikatan yanzu tarar da ita suka yi tana aiki. Ƙaura kuwa ita ce a ɗauke ta daga tsohon injin da take kai zuwa sabo, ba tare da ko kwabo ya salwanta a hanya ba.

Da yawa daga cikin waɗannan manhajoji a kan minikwamfuta, wato ƙaramar kwamfuta, aka gina su. Girman wannan inji ya kai firji ko kabad, an dai kira shi ƙarami ne saboda na gabansa ɗaki guda suke cikawa. Kamfanin DEC na jihar Massachusetts a Amurka ya fito da irin wannan inji mai suna PDP-11 a 1970, sannan VAX a 1977, IBM kuma ya kawo AS/400 a 1988. Compaq ya sayi DEC a 1998, a 2000 ya sanar da daina ƙera VAX. A yau, duk wanda nasa ya lalace sai neman kayan gyara na hannu, masu iya gyaran kuma kullum raguwa suke yi.

Hanya mafi sauƙi ita ce kwaikwayo: a ɗora wa sabon inji wata manhaja, kamar Charon ko SIMH, da za ta sa ya yi kamar shi ne VAX ɗin, tsohuwar manhajar ta ci gaba da aiki yadda ta saba. Wasu kuma sukan ɗauki ainihin rubutun manhajar, galibi da harshen kwamfuta na COBOL, su daidaita shi da sabon injin, in har rubutun bai ɓace ba. Nan ma akwai tarko, domin VAX na da nasa salon ajiye lambobi masu ɗigo, AS/400 kuma da tsarin EBCDIC yake ajiye haruffa. Aka kwashe bayanai ba a juya su ba, sai su fito a hargitse.

Masu ƙarfin hali su ne ke cewa a sake rubuta komai daga farko, kuma a ganina nan haɗarin ya fi yawa. Tsohuwar manhaja rumbu ce ta ƙa'idojin da ba a rubuta su a ko'ina ba: rangwamen da ake yi wa wani dillali tun 1989, yadda ake cike ragowar kwabo a ƙarshen wata, ranar da ba a lissafa wa kuɗin ruwa. Ba wanda ke tuna su sai ranar da suka ɓace. Shi ya sa nake ganin tsohon akawun da ya san halinta ya cancanci kujera a teburin aikin kamar kowane injiniya.

Bankin TSB na Birtaniya ya ɗanɗana kuɗarsa a watan Afrilun 2018, da ya kwashe asusun jama'a zuwa sabon tsari. Mutane wajen miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, shugaban bankin ya sauka a watan Satumba, a Disambar 2022 kuma aka ci bankin tarar fam miliyan 48.65. Masu ajiya a Najeriya ma sun ga irin wannan a ƙarshen 2024, lokacin da wasu manyan bankuna suka sauya manhajarsu, tura kuɗi ya yi ta maƙalewa.

Saboda haka masu hankali ba sa kashe tsohon injin nan take. Sukan bar biyun suna aiki tare, a rufe lissafin wata a kowanne, a gwada layi da layi. Sai alƙaluman sun zo daidai wata biyu ko uku a jere kafin a zare wa tsohon wuta.