Waiwaye: Kakar 2007 da burin gama gasar NFL ba a sha kashi ba

A cikin shekara ɗari da 'yan kai da aka yi ana buga NFL, babbar gasar zari-rugar Amurka, sau ɗaya tak aka samu ƙungiyar da ta cinye wasanninta kaf, tun daga farkon kaka har ta ɗaga kofi. Miami Dolphins ce, a 1972. Wadda ta fi kowa matsowa kusa bayanta ita ce New England Patriots, wadda ta ci wasa 18 a jere a kakar 2007, ta zo ta faɗi a na 19 saura daƙiƙa 35 a tashi.

Mai bin Firimiya zai tuna Arsenal ta 2003/04, wadda ta buga wasa 38 ba a doke ta ba, ta ci 26, ta yi canjaras 12, maki ya ba ta kofi. A NFL ba haka tsarin yake ba. Teburi gurbi kawai yake bayarwa. Cikin ƙungiyoyi 32, a wancan lokacin 12 ne ke tsallakawa zuwa zagayen sili-ɗaya-ƙwale, shida daga rukunin AFC, shida daga NFC, kuma karawa ɗaya ake yi, babu gida da waje. Zakarun rukunan biyu ke haɗuwa a Super Bowl. Ga shi kuma an tsara gasar yadda ba za a bar kowa ya yi kane-kane ba: ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ita ke fara zaɓar matasan da suka fito daga jami'o'i, kuma tun 1994 akwai iyakar kuɗin albashin da kowace ƙungiya za ta kashe. Wasan kansa na gumurzu ne, da wuya a yi mako ba a kwashi wani da rauni ba. Mutum goma sha ɗaya ke kowane ɓangare. Masu hari suna da dama huɗu su ci yadi goma, in sun kai ƙwallo gidan abokan karawa maki shida ne da bugun ƙari, in kuma suka doka ta tsakanin sanduna maki uku. Komai na harin yana hannun mutum ɗaya, kwatabak, mai karɓar ƙwallo ya jefa wa 'yan gaba.

Chicago Bears ce ta fara ɗanɗana wannan takaici. A 1934 ta ci wasa 13 cikin 13, ta je New York wasan ƙarshe a watan Disamba, fili ya daskare da ƙanƙara. Bears na gaba da 13 da 3, sai 'yan New York Giants suka cire takalmansu masu ƙusa suka sa takalman roba na ƙwallon kwando da aka aro musu daga wata kwaleji a birnin. Ƙafafunsu suka kama ƙasa, na Bears suna ta zamewa. Giants ta zuba maki 27 a zango na huɗu, aka tashi 30 da 13. A 1942 Bears ta sake yin 11 cikin 11, Washington ta doke ta 14 da 6 a wasan kofi.

Dolphins ta 1972 ta shigo kaka da miki a zuciya, don Dallas ta lallasa ta 24 da 3 a Super Bowl ɗin da ya gabata. Kocinta Don Shula kuwa karo na biyu ke nan yana zuwa Super Bowl yana komawa hannu rabbana. A wasa na biyar kwatabak ɗinta Bob Griese ya karye a ƙafa, Earl Morrall mai shekara 38 ya karɓi ragamar har ƙarshen kaka. Da gudu da ƙwallo suka fi cin wasa: Larry Csonka da Mercury Morris kowanne ya cika yadi dubu. Suka ci 14, suka fitar da Cleveland da Pittsburgh, suka doke Washington 14 da 7 a Los Angeles ranar 14 ga Janairun 1973. Masu suka na cewa jadawalinsu ya yi sauƙi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai ƙungiyar da ta rasa jagoran harinta tun kaka ba ta yi nisa ba, kuma ba ta faɗi ko sau ɗaya ba, ba a raina mata. A 1978 aka mayar da wasannin kaka 16, hanya ta ƙara tsawo. Bears ta 1985, wadda da yawa ke ganin ba a taɓa yin masu tsaro irin nata ba, sau ɗaya aka doke ta, kuma a Miami ne, a hannun yaran Shula, 38 da 24.

Patriots ta shiga 2007 da kofi uku da ta ci cikin 'yan shekarun da suka gabace ta a hannun koci Bill Belichick da kwatabak Tom Brady. Abin da ta rasa shi ne masu cafe ƙwallo na gani na faɗa, sai ta ɗauko Wes Welker daga Miami, ta karɓi Randy Moss daga Oakland a araha, don ana ganin ya gama yayi. Wasan farko, ranar 9 ga Satumba, ta ci New York Jets 38 da 14. A wannan wasan ne aka kama wani ma'aikacinta a gefen fili yana ɗaukar bidiyon alamun da masu horar da Jets ke yi wa 'yan tsaronsu da hannu, abin da doka ta hana a yi daga wurin. Shugaban gasar Roger Goodell ya ci Belichick tarar dala 500,000, ƙungiyar dala 250,000, ya kuma ƙwace mata damar zagayen farko a zaɓen matasan jami'o'i na 2008. Daga baya aka lalata kaset-kaset ɗin da ƙungiyar ta miƙa, abin da ya sa har wani ɗan majalisar dattawa, Arlen Specter, ya sa baki. A ganina lalata su ya fi cutar da Patriots ɗin kanta, don ya rufe ƙofar da za a iya auna girman laifin, ya bar kowa da zarginsa. Shula ma sai da ya ce in sun kafa tarihi ya kamata a sa masa alamar tambaya, ko da yake ya sassauta daga baya.

Maimakon abin ya karya musu gwiwa, sai suka tashi haiƙan. Suka ci Washington 52 da 7, har aka fara ƙorafin cewa ba sa sassautawa ko sun riga sun gama da mutum. Suka je Indianapolis suka doke Colts ta Peyton Manning, mai riƙe da kofi, 24 da 20. Zuwa ƙarshen kaka sun tara maki 589, Brady ya jefa ƙwallon ci 50, Moss ya cafe 23, duka ukun ba a taɓa kai su ba a lokacin. Amma da sanyi ya shigo tazarar ta fara raguwa. Da tazarar maki uku-uku kacal suka ci Philadelphia da Baltimore. Masu tsaronsu da dama shekaru sun ja, kuma kowace ƙungiya ta haɗu da su tana buga wasan ne kamar na kofi.

Giants kuwa babu wanda ya sa ta a lissafi. Wasa biyun farko ta sha maki 80, jaridun New York suka yi ca a kan koci Tom Coughlin, ana ta hasashen korarsa. Kwatabak ɗinta Eli Manning, ƙanen Peyton, sau 20 abokan karawa suna cafke masa jifa a kakar. A gida wasa uku kawai ta ci cikin takwas, a waje bakwai, ciki har da wanda aka buga a Wembley na Landan, wasan kaka na farko da NFL ta kai wajen nahiyar Amurka ta Arewa, inda ta ci Dolphins 13 da 10. Abu ɗaya take da shi wanda ya fi na kowa: 'yan sahun gaba na tsaro, masu kutsawa su kayar da kwatabak kafin ya yi jifa. Sau 53 suka yi haka a kakar. Akwai tsohon hannu Michael Strahan, da Justin Tuck, da Osi Umenyiora, wanda aka haifa a Landan, iyayensa 'yan Najeriya, ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Najeriya kafin ya koma Alabama. Shi kaɗai ya kayar da kwatabak ɗin Philadelphia sau shida a wasa ɗaya a ƙarshen Satumba.

Jadawali ya haɗa su a wasan ƙarshe na kaka, ranar 29 ga Disamba. Giants ta riga ta samu gurbinta, ci ko faɗuwa ba zai canza mata matsayi ba, kuma al'adar masu horarwa a irin wannan hali ita ce su ajiye manyan 'yan wasa gudun rauni. Coughlin ya ƙi. Ya fito da kowa da kowa, har suka kai suna gaba da 28 da 16 a zango na uku, kafin Brady ya jefa wa Moss ƙwallon yadi 65, Patriots ta sha da 38 da 35, ta zama ta farko da ta gama 16 cikin 16. Wasu 'yan Giants sun ji rauni a daren, an kuma soki Coughlin. Ni dai ina ganin wannan shawarar ita ce mafi nauyi da wani koci ya yanke a kakar baki ɗaya. 'Yan wasansa sun sa zare da ƙungiyar da kowa ke tsoro, sun gane da jikinsu cewa ana iya taɓa ta.

Daga nan Giants ta bi gari-gari. Ta ci Tampa Bay 24 da 14, ta je Dallas, wadda ta doke ta sau biyu a kakar, ta fitar da ita 21 da 17. Sai Green Bay, cikin sanyin da ya kai kusan digiri 18 ƙasa da sifili. Mai bugunta Lawrence Tynes ya ɓarar da biyu a zango na huɗu, aka shiga ƙarin lokaci, Corey Webster ya cafke jifan Brett Favre, Tynes ya doka ta uku daga yadi 47 ta shiga, 23 da 20. Patriots kuma ta kawar da Jacksonville da San Diego a gida.

Ranar 3 ga Fabrairun 2008 aka haɗu a Glendale ta jihar Arizona, masu hasashe sun ba Patriots fifikon maki 12. Giants ta karɓi ƙwallon farko ta riƙe ta kusan minti goma, Brady na zaune a benci yana kallo, ta samu maki uku. Da ya shigo kuma bai samu sakat ba. Sau biyar aka kai shi ƙasa, biyu a hannun Tuck, ban da bugun da ya riƙa sha bayan ya saki ƙwallo. Hikimar ita ce, tunda mutum huɗun gaba sun isa su takura masa, sauran bakwai na iya komawa baya su toshe Moss. An tafi hutu Patriots na da 7, Giants 3, kuma haka aka shiga zango na huɗu. Ƙungiyar da ta saba zuba kusan maki 37 a kowane wasa ta kasa wuce bakwai cikin minti 45.

Giants ta wuce gaba da 10 da 7, Moss ya rama saura minti biyu da daƙiƙa 42, ya zama 14 da 10. Eli ya fara daga yadi na 17 na gidansu. Wani jifansa ya bi ta hannun Asante Samuel na Patriots, da ya riƙe shi da an gama. A yunƙurin da ya biyo baya, saura minti ɗaya da kwata, 'yan tsaro suka rufe shi, biyu suka damƙi rigarsa ta baya, ya fizge, ya ja da baya ya wurga ƙwallo tsakiyar fili. David Tyree, wanda sau huɗu kacal ya cafi ƙwallo a duk wasannin kaka, ya yi tsalle tare da Rodney Harrison. Hannu ɗaya ya kuɓuce masa, sai ya danne ƙwallon a jikin hular kwanonsa da hannun dama, Harrison na fizgar damtsensa, suka faɗi da baya, ƙwallon ba ta taɓa ƙasa ba. Yadi 32 ke nan. Jim kaɗan Plaxico Burress ya cafe ta ci a kusurwar hagu, aka tashi 17 da 14, mutum sama da miliyan 97 na kallo a Amurka.

Kamun Tyree ake ta maimaitawa a talabijin har yau, kuma ya cancanta, musamman da yake shi ne na ƙarshe da ya yi a NFL. Amma ba don Strahan da Tuck da Umenyiora sun tsare Patriots a maki 14 ba, mafi ƙaranci da ta samu a duk kakar, da babu abin da kamun zai tsinana. Eli aka ba kyautar gwarzon wasan, shekara ɗaya bayan yayansa ya karɓe ta. Da ni ke rabawa, Tuck zan miƙa wa.

Abin da ya samu Patriots ya canza lissafin waɗanda suka zo baya. A 2009 Colts ta kai 14 cikin 14, sai ta janye Peyton Manning ana tsakiyar wasa da Jets don ta adana shi, ta faɗi, magoya bayanta na yi mata ihu a filinta. Kofin ma bai samu ba. Green Bay ta yi 15 da 1 a 2011, Giants ɗin nan dai ta fitar da ita, ta je ta sake doke Patriots 21 da 17 a Fabrairun 2012. Brady ya ci gaba har ya tara kofi bakwai. Umenyiora ya zama jagoran aikin NFL na neman matasa a Afirka, wanda ya buɗe sansaninsa na farko a Ghana a 2022. Tun 2021 kuma wasannin kaka sun koma 17, don haka duk ƙungiyar da ke son ta bi sahun Dolphins ta 1972 yanzu sai ta ci wasa 20 a jere.