Tambayoyin da ɗalibai ke yawan yi mini kan awo da lambobi

Na shekara da shekaru ina koyar da Fiziks a wata makarantar sakandare a Kaduna, kuma duk lokacin da jarrabawar WAEC da NECO ta ƙarato, tambayoyi iri ɗaya ne suke dawowa. Na rubuta amsoshin a nan domin kada a sake tare ni da su a ƙofar ɗakin gwaji.

Malam, dole ne sai na rubuta ma'auni tare da lamba?

Dole ne. Wanda ya rubuta 25 kawai bai faɗi komai ba, kuma ba zan ba shi maki ba.

Kalkuleta ta ba ni 2.0164. Duka zan kwafa?

A nan ne akasarinku kuke zubar da maki, don haka ku natsu. A gwajin lilo, wato ƙwallon da aka rataye da igiya yana kai-komo, idan igiyar ta kai santimita 50.0 kuma lilo 20 ya ɗauki daƙiƙa 28.4, lilo ɗaya zai zama daƙiƙa 1.42, wanda idan aka ninka shi da kansa yake ba da 2.0164. Agogonka lambobi uku kawai ya tabbatar maka, saboda haka 2.02 za ka rubuta, domin amsar ninkawa ko rabawa ba ta wuce adadin lambobi masu muhimmanci (wato lambobin da awo ya tabbatar) na awon da ya fi ƙarancinsu. Kada ka ce ai 20 lambobi biyu ne. Ƙirga shi ka yi, ba auna shi ba, don haka ba ya rage komai. Amma a tarawa da ɗebewa dokar ta bambanta, domin abin da ake dubawa shi ne gurabun da ke bayan ɗigo: 12.1 da 0.25 za su ba da 12.4. Sannan ina ba da shawarar a riƙe ƙarin lamba ɗaya ko biyu a tsakiyar lissafi, sai a ƙarshe a taƙaita, don wanda yake taƙaitawa a kowane mataki amsarsa kan kauce. Idan kuma takardar tambaya ta faɗi adadin da take so, umarninta za ka bi. Kada hankalinka ya tashi idan amsarka ta bambanta da ta abokinka a lambar ƙarshe, haka awo yake.

Sifili yana cikin lambobi masu muhimmanci?

A 0.0052 ba ya ciki, lambobi biyu ne. A 5.20 yana ciki, uku ne. Na faɗi wannan tun a aji huɗu.

Me ya hana mu auna da mudu?

Mudun Kasuwar Barci ba lallai ya zo daidai da na Kawo ba, kuma mai awo yana iya yi masa tozo ko ya shafe bakinsa. Kimiyya tana aiki da tsarin awo na ƙasa da ƙasa, wato SI, da aka amince da shi a 1960, inda tsawo yake da mita, nauyi kilogiram, lokaci kuma daƙiƙa.

Yaya ake juya ma'auni?

Motar da ke gudun kilomita 72 a awa kan hanyar Zariya tana cin mita 72,000 cikin daƙiƙa 3,600, wato mita 20 a daƙiƙa. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne faɗin fili: murabba'in mita ɗaya murabba'in santimita 10,000 ne, amma kullum sai na tarar da 100 a littattafanku. Sakaci irin wannan ne ya jawo a 1999 aka yi asarar kumbon da Amurka ta aika duniyar Mars, lokacin da wani ɓangare na injiniyoyi ya yi lissafin ƙarfi da ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren kuma ya ɗauka da niyuton, wato ma'aunin ƙarfi na SI, aka yi.