Review bombing: taron dangin da ake yi wa fim a intanet

Idan ka ga fim a IMDb, shafin intanet da masu kallo ke ba finafinai maki, da maki 1 ko 2 cikin 10, kada ka yi saurin yanke masa hukunci. Mai yiwuwa "review bombing" aka yi masa, wato jama'a su haɗa baki su zuba wa fim ko wasan kwamfuta mafi ƙarancin maki, da yawansu ko kallonsa ba su yi ba. Haushinsu a wani wuri yake: siyasa, addini, ko wata magana da jarumin ya taɓa furtawa.

Masu kallon finafinan Indiya za su tuna Sadak 2. Bayan rasuwar jarumi Sushant Singh Rajput a Yunin 2020, magoya bayansa suka huce kan masu fifita 'ya'yan manya a Bollywood. Da fim ɗin ya fito a Agusta, ga Alia Bhatt a ciki, mahaifinta Mahesh Bhatt kuma shi ne darakta, sai makinsa ya faɗo kusa da 1. Gaskiya fim ɗin bai burge masu sharhi ba, amma ba labarinsa aka auna ba.

Na The Promise ya fi ban mamaki. Fim ne kan kisan kiyashin da aka yi wa Armeniyawa. A 2016, sau kaɗan aka haska shi a bikin finafinai na Toronto, amma ya sha maki 1 har dubun-dubata. Ina zauren da ya ɗauki mutanen nan? Masu kare shi su ma suka yi ta ba shi 10, su ma ba tare da sun kalla ba.

Shafukan ba da maki sun ɗan farga. A 2019, bayan irin wannan rigima kan fim ɗin Captain Marvel, Rotten Tomatoes ya hana sharhi kafin fim ya fito, ya ware makin waɗanda aka tabbatar sun sayi tikiti. Metacritic ya sa jinkirin awa 36 kafin jama'a su ba sabon wasan kwamfuta maki a 2020, bayan abin da ya samu wasan The Last of Us Part II.

Duk da haka, ni dai jimillar maki ba ta isar ni. Buɗe rabe-raben ƙuri'un: idan 1 da 10 sun cika maƙil, tsakiya kuwa wayam, faɗa ake yi. Sai ka nemi sharhin waɗanda suka ba da maki 5 zuwa 7 kuma suka ambaci wani fage a cikin fim ɗin.