Hob moto da mid dirayib: mi ake nufi da su a keken lantarki?

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 maganar keke mai caji ta shigo hira a Katsina, in ka zauna majalisa wajen Ƙofar Ƙaura ba ka rasa wanda zai zaro waya ya nuna maka hoton wani da yake son ya yi oda. To a nan ne kalmomi biyu ke rikita mutane, mai sayarwa ya ce wannan hob moto ne wancan kuma mid dirayib, kuɗinsu kuma ba ɗaya ba. Duk maganar a kan abu guda take: a ina aka dasa injin?

Hob dai masu gyaran keke sun san shi tun da daɗewa, shi ne cibiyar taya, inda wayoyin wili suke haɗuwa. In aka ce hob moto ana nufin injin na cikin cibiyar nan, galibi tayar baya, wani lokaci ta gaba. Za ka gan shi kamar ƙaramar tukunya a tsakiyar tayar. Shi ke juya tayar kai tsaye, babu ruwanshi da sarƙa, babu ruwanshi da giyar keke. Ba sabon abu ba ne ma, tun 1895 wani Ba'amurke Ogden Bolton ya yi rajistar keke mai inji cikin tayar baya. Iri biyu ne, akwai mai ƙananan giyoyi a ciki wanda bai da nauyi kuma ya fi saurin tashi, akwai wanda babu giya ko ɗaya, shi ya fi nauyi amma kusan babu abin da zai cinye a cikinshi, wasu ma in ka taka birki suna maida ɗan caji cikin batir, kaɗan dai, kada ka sa rai.

Mid dirayib kuwa injin na tsakiya, ƙasa, daidai inda feda take. Ba taya yake juyawa ba, sarƙa yake ja, kamar dai an ƙara maka wata ƙafa mai ƙarfi. Kuma nan ne sirrin yake, tunda ƙarfin ta sarƙa yake bi to duk giyar da ka sa shi ma ita yake amfani da ita. Ka tuna direban tifa in ya zo hawa da lodin yashi, giya ɗaya yake komawa, injin na gudu motar na tafiya a hankali amma tana hawa. Haka mid dirayib yake yi. Hob moto bai da wannan gatan, giyarshi ɗaya ce har abada, in hawa ya yi tsawo ko kaya ya yi yawa sai ya riƙa nishi yana ɗaukar zafi yana shan batir. Bosch na Jamus da Shimano da Yamaha na Japan su ne manyan masu yin irin na tsakiyar, Bafang na China kuma yana yin duka biyun, har da wanda ake ɗaurawa a keken da kake da shi.

Wani abu da ke yaudarar mutane shi ne wat, wato ma'aunin ƙarfin injin. Sai ka ji an ce ai wannan 750 ne wancan 250 kawai, to babba ya fi. Ba lallai ba. A Tarayyar Turai doka ce ta tsaida injin keke a wat 250, kuma ya daina taimako in an kai kilomita 25 a awa, amma da wannan 250 ɗin mid dirayib ke hawa duwatsu, saboda giya. Nisan tafiya kuma batir ke faɗa, ka ninka bolt (V) da amfiya-awa (Ah) na batir ɗin, batir mai 48V da 13Ah ya ba ka 624, wannan lambar ita za ka kwatanta tsakanin keke da keke.

Yanzu mu dawo gida. Ina tudun yake a Katsina? Daga Ƙofar Marusa zuwa Ƙofar Guga shimfiɗe take, hanyar jami'ar Umaru Musa ma haka. Abin da muke da shi rairayi ne a lunguna da ƙura da zafin Afrilu. Ni a ganina mai zuwa aiki ko makaranta ko shago hob moto na baya ya ishe shi, ya fi araha, kuma in sarƙa ta tsinke maka a hanya in dai keken na da totur sai ka murɗa ka isa gida. Mai mid dirayib in sarƙarshi ta tsinke sai turi. Kuma yana cin sarƙa da haƙoran giya da wuri, balle an haɗa da ƙurarmu da ke manne wa mai tana goge ƙarfe, sannan in ka canza giya injin na tsakar ja za ka ji ƙarar da ba ka so. Na tayar gaba kam ban ba da shawara ba, cikin rairayi sulɓewa yake.

Amma hob na da nashi ciwon kai, faci. Tayar na da nauyi, ga wayar wuta da ta fito ta cikin ƙarfen tsakiya, in mai faci ya fizge ta da ƙarfi kamar yadda ya saba da keken gargajiya to an shiga uku. Ka tsaya a kanshi, a cire soket tukuna, ko ma a yi facin ba tare da an kwance tayar ba. Wayoyin wilin ma suna saki saboda nauyi, a riƙa ɗaure su.

Wanda zai riƙa ɗaukar buhu daga gona, ko yana bin hanyar ƙauye mai kwazazzabai da hawa da gangara irin ta wajen Dutsin-Ma, shi ne kuɗin mid dirayib zai yi wa rana. Shi ma kafin ya biya ya tambayi mai sayarwa ko ana samun sarƙa da giyarshi a Kano, don wasu injinan na Turai sai da na'urar kamfanin ake duba su.