Waiwaye: yadda kayan kiɗa suka yi arha a duniya, mu kuma a Jos muke ta shan tsada

Duk wanda ke harkar situdiyo ko hayar sifiku a Jos ya san gardamar nan da ba ta ƙarewa, wani ya ce ka haƙura ka tara kuɗi ka sayi na babban kamfani ka huta, wani ya ce ina, sayi mai arha ka fara aiki yau, kafin ya lalace ya mayar da kuɗinsa. Gardamar tana da tarihi, kuma ba a kasuwar Taminus ta Jos ko ta Alaba da ke Legas aka fara ta ba.

Da can kayan kiɗa na lantarki sai wane da wane. Minimoog, fiyanon lantarki na kamfanin Moog da ya fito a 1970 a Amurka, da hannu ake haɗa shi, ƙaramin makaɗi bai isa ya tunkare shi ba. Mutanen Japan ne suka fara karya farashi, su Yamaha da Roland da Korg da Casio. A 1983 Yamaha ta fitar da fiyanon lantarki DX7 a kan kusan dala 2,000, fasahar ma daga jami'ar Stanford ta sayi lasisinta, kuma a shekarar ne aka fara MIDI, wanda Dave Smith da Ikutaro Kakehashi mai kamfanin Roland suka yi ruwa da tsaki a kai, suka kuma bar shi kyauta don na'urar wannan kamfani ta iya magana da ta wancan. Wannan kam abin a yaba ne, har yau muna cin moriyarsa. Daga baya sai ga jerin PSR na Yamaha, wanda mu muke kira fiyano, mutum ɗaya ya zauna ya fitar da ganga da sarewa da komai, shi ne ya riƙe waƙoƙin finafinan Hausa tun shekarun 1990, shi ne kuma a coci-cocin Jos. Waɗannan tsofaffin fiyano wallahi akwai ƙarko, har yanzu za ka ga wanda maɓallansa sun yi ja don tsufa amma yana aiki.

Sai Behringer ya shigo, a nan ne labarin ya canza gaba ɗaya. Uli Behringer ya kafa kamfanin a Jamus a 1989, bai daɗe ba ya mayar da ƙira China, har ya gina katafariyar masana'anta tasa a Zhongshan. Dabararsa ba ɓoyayya ba ce, ya duba abin da ke tashe a kasuwa ya yi irinsa ya sayar a rabin kuɗi ko ƙasa da haka. Kamfanin Mackie ya kai shi kotu a 1997 kan miksa, wato na'urar haɗa sautuka, Roland ma ta kai shi a 2005 saboda fedal ɗinsa na jita sun yi kama sosai da na Boss, wanda reshenta ne, a ƙarshe aka sasanta ya canza musu fuska. A 2006 hukumar sadarwa ta Amurka ta sanar da tarar dala miliyan 1 a kansa saboda sayar da na'urori kusan iri 50 ba tare da an yi musu gwajin da doka ta ce ba. Duk da haka kamfanin sai ƙara girma yake, a 2009 ya saye kamfanonin kayan sauti Midas da Klark Teknik, waɗanda da manyan fitattu ne kawai ke taɓa kayansu, a 2012 ya fitar da miksa X32 da yanzu kusan duk babban ɗakin taro a Abuja za ka iya cin karo da shi. Da Moog ta sake fito da Minimoog a 2016 a kan sama da dala 3,000, Behringer kuma ya kwaikwaya ya sa dala 299. Haƙƙin ƙira shekara 20 yake yi ya faɗi, don haka ta fuskar doka ba a iya kama shi, ko da kuwa Turawa da yawa suna zaginsa.

Ni dai gaskiya ba zan shiga sahun masu zagin ba ido rufe. Wanda ke Landan yana da zaɓi, mu ba mu da shi. Ƙananan situdiyo nawa ne a Bauchi Road da Dilimi da Rikkos da ba za su taɓa buɗewa ba in da sai an sayi miksa na asali? Garin da ya fitar da su M.I da Ice Prince da P-Square, yaran da ke biye musu da ƙaramin miksa da makirfo ɗaya a ɗaki suke farawa. Amma kuma akwai abin da ba na so, a 2020 kamfanin Behringer ya saki bidiyo yana yi wa ɗan jarida Peter Kirn izgili don ya soke su, sai da mutane suka yi caa aka janye aka ba da haƙuri. Kamfanin da ba ya son a faɗi aibin kayansa abin tsoro ne ga mai saye.

Kar kuma a ɗauka manyan su tsarkaka ne fa. A Ingila hukumar kula da gasar kasuwa ta kama su dumu-dumu suna hana dilolinsu rage farashi a intanet, Casio ta biya tarar fam miliyan 3.7 a 2019, Fender fam miliyan 4.5 a 2020, Roland fam miliyan 4, Korg fam miliyan 1.5, Yamaha ta tsira ne kawai don ita ta fara tona asirin nata. Wato tsadar ba duka ba ce ta inganci, wani ɓangaren suna kawai kake biya. Gibson mai jita ta yi ta ƙara kuɗi masu saye suna kukan aiki ya lalace, a 2018 ta shiga kotun fatara, Moog ɗin ma an sayar da ita ga kamfanin inMusic a 2023. Kuma mafi yawan ƙananan kayan manyan kamfanonin yanzu a China ko Indonesiya ko Indiya ake yinsu, don haka zancen "wannan ɗan Japan ne" da dila zai gaya maka, juya bayan kayan ka karanta da kanka.

Toh mu dawo gida, inda abin ya fi ciwo. Bature in ya sayi miksa mai arha ya mutu, akwai garanti, a canza masa. Mu kaya ya taso daga Alaba ya biyo mota har Jos, an ɗora kuɗin kwastan da na dako da ribar hannu uku, ka biya fiye da abin da ɗan Jamus ya biya, sannan a rubuta maka a rasit ba a dawo da kaya. Ga dala, a 2015 ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, bayan an saki naira a Yunin 2023 sai da ta haura 1,500 a farkon 2024, fiyanon da mutum ya yi shekara yana tara wa kuɗi ya je kasuwa ya tarar an ninka.

Ka je ka tsaya wajen mai gyara ka ga bambancin da idonka. In ya buɗe tsohuwar amfilifaya irin su Ahuja da TOA na masallatai, za ka ga tiransifoma ƙato, kayan ciki manya-manya a sarari, ya gwada da mita ya cire wanda ya ƙone ya sa sabo ya liƙe da dalma, kafin la'asar ka ɗauki abinka. In ya buɗe na zamani mai arha sai ka ga allo ɗaya tal, komai a manne ƙanana kamar ƙwayar gero, maɓallan ma a jikin allon suke, ɗaya ya karye sai an kwance duka. Mafi yawan lokaci ɓangaren wuta ne ke fara tafiya, don ba a yi shi domin janareta mai hawa da sauka ba, ga ƙurar hunturu da ke shiga cikin fedar, wato maɓallin da ake ja a ƙara sauti, har ka ji ƙarr-ƙarr ana tsakiyar biki. Mai gyara zai ce maka "oga sai an kawo bod, wato allon nan, daga waje", kuma kuɗin bod ɗin ya kusa na sabo. Masu sayen na hannu daga Amurka su ma suna da nasu, kayan wutar 110 ne, yaro ya manta da sitef-dawun mai rage ƙarfin wuta ya jona kai tsaye shikenan.

Sai jabu, wanda shi ba laifin kamfani ba ne kai tsaye amma rashin wakilinsu a kusa ne ya ba shi wuri. Makirfo SM58 na Shure tun 1966 ake yinsa, farashinsa a waje wajen dala 100 ne shekara da shekaru, amma a nan za a miƙo maka shi a kwali mai kyau a kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba ana rantsuwa orijina ne.

Yanzu kuma salon ya koma sofwaya, ba sa son ka saya ka mallaka, so suke ka riƙa biya duk wata da dala. Waves mai sofwayar gyaran sauti ta gwada hakan a Maris 2023, ta ce daga yanzu sai haya kawai, masu amfani suka tayar da ƙura cikin 'yan kwanaki ta janye. Image-Line mai sofwayar haɗa kiɗa FL Studio ita har yanzu in ka saya sau ɗaya sabuntawa kyauta ce har abada, shi ya sa nake ganin wanda ya fara samun kuɗi da aikin ya daure ya sayi nasa ya bar kirak, wato kwafin sata.

Abin da da yawanmu ba su sani ba, dokar gasar kasuwa da kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC a Abuja, ta ba mai saye damar mayar da kayan da aka sayar masa da aibi, rubutun dila a rasit bai fi ƙarfinta ba. Amma sai kana da shaida, don haka a gwada kowace layi ta miksa a shago kafin a biya, kuma a sa dila ya rubuta lambar jikin kayan da kalmar orijina a rasit ɗin da hannunsa.